Makarantar Maharban Ɓoye

A farkon shekarar 1915, duk sojan Birtaniya da ke zaune a ramukan yaƙi na arewacin Faransa da Beljiyam ya san cewa ɗaga kai sama da buhunan yashi da rana, ko na ƙiftawar ido ne, yana iya zama ajalinsa. Ba a jin tahowar abin. Mutum na tsaye yana magana da ɗan'uwansa, sai a ga ya sulale ƙasa da huda a goshi, ƙarar bindigar ta biyo baya. Akwai bataliyoyin da kan rasa mutum biyar a yini ta wannan hanya, a ranakun da rahoto ke cewa babu faɗa, an kuma ba da labarin wata da ta rasa 18 a rana ɗaya. Manyan hafsoshin da ke can baya da dubbai suke lissafi, don haka mutum biyar bai dame su ba. A cikin ramin kuwa wannan ɗauki-ɗaiɗai ya fi luguden igwa kashe jiki, domin igwa ba ta san ka ba, shi kuwa wannan ganin ka ya yi, ya zaɓe ka.

Jamusawa ne ke wannan aiki, kuma ba tsafi suka yi ba. Ƙasarsu na da manyan dazuzzuka, da masu gadinsu, da mafarautan da suka saba harbin barewa da bindiga mai madubin hangen nesa. Tana kuma da masana'antun gilashi irin su Zeiss da Goerz, waɗanda a lokacin ba su da na biyu. Da yaƙi ya tsaya cak a ramuka a ƙarshen 1914, sai suka bi gida-gida suka tattaro bindigogin farauta masu madubi, suka danƙa wa waɗanda suka iya riƙe su. Sukan bar maharbi a yanki ɗaya ya daɗe, har ya haddace kowane kututture da kowane tudu da ke gabansa, ta yadda in wani abu ya sauya cikin dare zai gane da safe. Suka ba shi garkuwar ƙarfe mai 'yar kafa, yana harbi ta ciki, harsashin bindigar Birtaniya kuwa ba ya huda ta.

Mutumin da ya tashi haiƙan a kan wannan matsala ba soja ba ne tun asali. Sunansa Hesketh Hesketh-Prichard, an haife shi a Indiya a 1876. Marubuci ne, ɗan wasan kurket, matafiyi da ya ratsa Haiti da Patagoniya da Labrador, kuma mafaraucin manyan namun daji da aka san hannunsa. Da yaƙi ya ɓarke ya nemi shiga soja aka ce ya tsufa, yana da shekara 37. Da ƙyar ya samu aikin rakiyar 'yan jarida zuwa bakin daga, ya isa Faransa a Fabrairun 1915. Wannan ƙaramin aiki ne ya ba shi damar da hafsoshi da yawa ba su samu ba, wato yawo daga wannan rami zuwa wancan yana kallo da idon mafarauci.

Abin da ya fara tararwa ya tayar masa da hankali. Akwai bindigogi masu madubi a hannun sojojin Birtaniya, 'yan kaɗan, amma an mayar da su kayan rami, wannan ya ɗauka yau, wancan ya ɗauka gobe, babu wanda aka koya wa yadda ake daidaita su. Madubin da saitinsa ya goce ya fi rashin madubi muni, domin mai shi zai yi ta harbi da yaƙinin yana samu alhali harsashin na wucewa can gefe. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya ga yawancinsu ba su da amfani a yadda suke. Ya shiga daidaita su da hannunsa. Ya koma Ingila ya aro bindigogin farauta daga abokansa, ya sayi wasu da kuɗinsa, marubucin nan John Buchan ya taimaka da tara gudummawa. Ya samo guntayen garkuwar Jamusawa ya yi ta harbinsu da bindigogi iri-iri, har ya tabbatar cewa manyan harsasan da ake harbin giwa da makamantanta da su suna ratsa ta.

Sai dai bindiga ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce ido. Ya lura sojan Birtaniya na jera buhunan yashinsa ɗas, a miƙe, launi ɗaya, saboda haka aka hore shi a bariki. A irin wannan bango duk abin da ya motsa sai an gan shi. Na Jamusawa kuwa a hargitse yake da gangan: buhuna masu launi dabam-dabam, tsofaffin gwangwanaye, guntayen bututu, tarkacen waya, tsummoki. A cikin wannan tarkace akwai kafofi goma na ƙarya da ɗaya ta gaskiya, mai neman ta gaskiyar sai idonsa ya gaji. Sai da aka sha gardama kafin hafsoshin da suka tashi da son tsari su yarda a ɓata musu bango domin a ceci ran yaransu.

Dabararsa da aka fi tunawa ita ce ta kan ƙarya. Ana ƙera kan mutum da takardar da aka jiƙa aka kwaɓa da gam, a yi masa fenti, a sa masa hular soja, wani lokaci har a maƙala masa taba a baki, wani na zuƙa daga ƙasa ta bututun roba don hayaƙi ya tashi. A ɗora shi a sanda mai bin kwarmin wani katako, a ɗaga a hankali. In maharbin Jamus ya ruɗu ya harba, sai a saki kan ya faɗi kamar an kashe mutum. Harsashin ya bar huda biyu, ta shiga da ta fita, layin da ya haɗa su kuwa yana nuna daidai inda ya fito. Sai a saukar da kan gwargwadon tsawon madubin leƙe, a sa gilashin ƙasa na madubin a gaban hudar goshi, a leƙa ta hudar ƙeya. Abin da ya bayyana a tsakiyar madubin shi ne maɓoyar maharbin.

Ya kuma dage a kan cewa maharbi ba ya aiki shi kaɗai. Mutum biyu ne, ɗaya da bindiga, ɗaya da dogon madubin hange, suna canji saboda ido na gajiya. Mai madubin shi ke gano abin harbi, shi ke faɗin inda harsashi ya sauka, shi ke rubuta duk abin da aka gani a littafi da lokacinsa. Wannan littafi ya zo ya fi harbin kansa daraja a wurin kwamandoji. A cikin littafin da ya wallafa a 1920 kan wannan aiki, Hesketh-Prichard ya ba da labarin wata kyanwa da masu hange suka riƙa gani tana shan hantsi a wani ɓangaren ramin Jamusawa da ake zaton babu kowa. Wani hafsa ya yi tunani: ɓeraye sun addabi kowa a ramuka, in kuwa akwai kyanwa mai ƙiba da kwanciyar hankali a wuri ɗaya, to da wuya ta ƙaramin soja ce. Aka ɗauki hoton wurin daga jirgin sama, aka ga mazaunin hafsoshi ne, aka juya masa igwa. Ba a harba bindigar maharbi ko sau ɗaya ba a wannan labari, amma shi ne ainihin abin da makarantar ke son koyarwa.

A Agustan 1916, da goyon bayan Janar Haking, aka buɗe makarantar Runduna ta Ɗaya a ƙauyen Linghem, don koyar da harbin ɓoye da hange da leƙen asirin abokan gaba. Ajin farko mutum shida ne. Ba ita kaɗai ba ce, wasu rundunonin ma sun buɗe nasu, amma ita ta fi suna, har ƙawaye irin su 'yan Fotugal suka riƙa turo nasu. Cikin waɗanda suka ƙarfafa ta akwai mutanen Lovat Scouts, rundunar da Lord Lovat ya kafa a 1900 lokacin yaƙin Buwa a Afirka ta Kudu, daga masu gadin farauta na tsaunukan Sukotlan. Waɗannan mutane sun girma ne suna bin barewa da rarrafe a fili marar itace, suna kwana da madubin hange a hannu. Daga wurinsu aka gaji rigar nan mai tsummoki da ciyayi da maharba ke sawa har gobe. Abin lura shi ne, da aka ga irin idon da Allah ya ba su, sai aka fi amfani da su wajen hange a kan harbi, don ana ganin asara ce a sa irinsu inda za a iya kashe su.

Gwanaye na halitta sun kasance tun kafin makaranta. Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe daga Kanada, ana jingina masa mutum 378. Billy Sing na Ostareliya ya yi suna a Gallipoli. Amma gwani ɗaya yanki ɗaya yake tsarewa, in an kashe shi kuwa ilminsa ya bi shi kabari. Abin da Linghem ta kawo shi ne mayar da baiwar mafarauci darasi, a rarraba ta gida-gida, a koya wa magini da akawu da ɗan kamasho. Zuwa ƙarshen yaƙin, rinjayen harbin ɓoye ya koma hannun Birtaniya da ƙawayenta. Hesketh-Prichard ya samu lambobin yabo, amma ya kamu da ciwo tun 1917, ya rasu a Yunin 1922 yana da shekara 45.

Da aka yi sulhu sai aka rufe makarantun, aka kwashe madubai aka zuba a sito, da yawa aka sayar. Akwai dalilin kuɗi, akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Sojoji da yawa ba sa son maharbin ɓoye, har nasu na gida. Yakan zo yankinka ya yi harbinsa ya tafi, ya bar ka da ramuwar igwa. Ga shi kuma ana ganin aikinsa ya yi kama da kisan kwanton ɓauna, ba yaƙin gaba da gaba ba, shi ya sa wanda aka kama da bindiga mai madubi sau da yawa ba ya kaiwa sansanin fursuna. Birtaniya ta manta darasin har sai da ta sha kashi a Faransa a 1940, sannan ta sake buɗe makaranta cikin gaggawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma tarihin wannan sana'a kusan duk fafe gora ne ranar tafiya.

Ƙasar da ta saɓa wa wannan ɗabi'a ita ce Tarayyar Sobiyet. Tun 1927 ta kafa ƙungiyar Osoaviakhim, mai koya wa farar hula harbi da sauka da laima da sauran ayyukan tsaro. A 1932 aka fito da lambar gwanintar harbi mai sunan Voroshilov, matasa miliyoyi, maza da mata, suka yi gwaji suka samu. Mutanen Sobiyet sun sayi fasahar madubi daga Jamus, suka koyi ƙera nasu, suka ɗora a kan tsohuwar bindigarsu Mosin. Duk da haka sun sha mamaki a yaƙin hunturu da Finlan a 1939 zuwa 1940, inda wani manomi mafarauci, Simo Häyhä, ya kashe musu sama da mutum 500 cikin kusan kwana ɗari. Ko madubi ba ya amfani da shi, saboda gilashi na ƙyalli a rana, yana yin raɓa a sanyi, yana kuma tilasta wa mutum ɗaga kai.

Da Jamus ta afka musu a Yunin 1941, wannan tanadi ya yi rana. Lyudmila Pavlichenko ɗalibar tarihi ce a jami'ar Kiyef, ta koyi harbi a ƙungiyar da aka ambata. Da ta je shiga soja aka so a mayar da ita ma'aikaciyar jinya, ta ƙi. Ta yi yaƙi a Odessa da Sebastopol, aka rubuta mata mutum 309, aka ji mata rauni a 1942, daga nan aka janye ta daga fagen daga, aka tura ta Amurka neman goyon baya, ta dawo tana koyarwa. Vasily Zaitsev kuwa makiyayi ne mafarauci daga tsaunukan Ural, yana aikin akawu a rundunar ruwa kafin ya nemi a kai shi Stalingrad. An rubuta masa 225 tsakanin 10 ga Nuwamba da 17 ga Disamban 1942. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2001 ya ginu ne a kan karonsa da wani manjon Jamus, wanda masu bincike ba su samu sunansa a takardun Jamusawa ba. Su kansu alƙaluman nan sai a riƙe su da hannu biyu, domin gwamnatin da ke neman jarumai ce ta rubuta su. Abin da babu shakka a kai, kuma ya fi muhimmanci a ganina, shi ne Zaitsev ya buɗe makaranta a cikin kangon wata masana'anta, ana ruwan bama-bamai, yana koya wa matasa, yana fita da su biyu-biyu su kwana a cikin ɓaraguzai.

A Mayun 1943 aka kafa babbar makarantar mata maharba kusa da Mosko, wadda daga baya ta koma Podolsk. Ta yaye maharba 1,061 da malamai 407 kafin ƙarshen yaƙi. 'Yan mata ne masu shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, suna wuni suna rarrafe a cikin dusar ƙanƙara da taɓo, suna haƙa rami su rufe shi yadda malami zai wuce ta kai bai gani ba. Aliya Moldagulova, 'yar Kazakistan, ta fito daga nan, aka kashe ta a Janairun 1944 tana da shekara 18. Roza Shanina ta gama a 1944, ta mutu a Gabashin Furusiya a Janairun 1945 tana da shekara 20. Jamusawan da suka fara wannan sana'a a yaƙin duniya na farko, su ma sun yi sakaci da ita, sai da mutanen Sobiyet suka yi ta ɗauke musu hafsoshi sannan suka buɗe makarantu.

Amurka ta maimaita kuskuren har sau uku, bayan yaƙin farko, bayan na biyu, da bayan na Koriya. A 1961 wani ƙaramin hafsa a rundunar Marin, wato sojojin ruwa masu faɗa a tudu, mai suna Edward James Land, ya buɗe ɗan kwas a Hawai. Cikin ɗalibansa akwai wani saurayi daga Arkansas, Carlos Hathcock, wanda ya koyi harbi yana yaro yana farautar zomo da kurege don a ci a gida, ya shiga soja a 1959 yana da shekara 17. A 1965 ya lashe kofin Wimbledon a Camp Perry, gasar harbin yadi 1,000. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, aka ga 'yan ƙasar na harbin Amurkawa daga cikin kurmi da gonakin shinkafa ba mai mayar musu, sai aka nemo Land a 1966 ya kafa makaranta a Tudu na 55 kusa da Da Nang. Da bindigogin farauta da na gasa suka fara, Winchester mai madubin Unertl, kafin a kawo musu M40. An tabbatar wa Hathcock mutum 93, Chuck Mawhinney kuwa 103. A 1967 Hathcock ya ɗora madubi a kan babbar bindiga mai sarrafa kanta, ya samu mutum daga nisan mita 2,286, bajintar da ta yi shekara 35 ba a wuce ta ba. A 1969 motar yaƙin da yake kai ta taka nakiya, ya ƙone ƙwarai wajen fitar da 'yan'uwansa bakwai daga wuta.

Yaƙi na ƙarewa aka sake watsar da abin. Wannan karon dai Land da Manjo Richard Culver suka ƙi yin shiru, suka yi ta rubuce-rubuce da bin ofisoshi har aka buɗe makaranta ta dindindin a Quantico a 1977, Hathcock na cikin malamanta na farko duk da ƙunar jikinsa da ciwon jijiya da ya kama shi. Sojojin ƙasa suka buɗe tasu a Fort Benning a 1987. A waɗannan makarantu ne horon ya ɗauki siffar da ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Kafin a karɓi mutum sai ya kasance ya riga ya ci matakin ƙoli a gwajin harbi na soja, da matakin farko a gwajin ƙarfin jiki. Ana duba idonsa, ana duba makinsa a jarrabawar basira, ana duba tarihinsa na ɗa'a. Mai saurin fushi da mai son a gan shi ba su dace ba. A da, kwas ɗin Marin ya kai mako goma sha biyu da 'yan kwanaki, na sojan ƙasa mako bakwai, a ajujuwa da yawa kuma fiye da rabin waɗanda suka shiga ba sa fita da takarda.

Harbin kansa lissafi ne. Harsashin 7.62 da aka harba zuwa yadi 1,000 yakan yi sama da daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya, ya faɗo kusan mita goma daga layin bakin bindiga, iska matsakaiciya daga gefe kuma tana iya kautar da shi fiye da mita biyu. Don haka dole ɗalibi ya san nisa daidai. A cikin madubinsa akwai ɗigo-ɗigo a jere masu tazara sananniya. In mutum mai tsayin mita 1.8 ya cika tazara uku, to yana nisan mita 600. Iska kuwa ana karanta ta a jikin ciyawa, da ƙura, da kawalwalniyar da ke rawa a saman ƙasa in rana ta yi zafi, kuma iskar da ke wurin maharbi ba lallai ita ce ke tsakiyar hanya ba. Zafi da sanyi da tsayin wuri daga teku duk suna sauya tafiyar harsashi. Kowane harbi ana rubuta shi a littafi, musamman na farko da bututu mai sanyi, domin a fagen daga shi ne kaɗai ake da tabbacin samu. Ana koyon jan kunama a hankali, a ɗan tsakanin fitar numfashi da shigarsa, ba tare da fizga ba.

Duk da haka ba harbi ne ya fi kayar da ɗalibai ba. Saɗaɗe ne. Ana ajiye malamai biyu a wuri mai tudu da madubin hange, a saki ɗalibai daga nisan da ya kusa kilomita, kowa cikin rigar tsummokin da ya ɗinka da hannunsa ya cusa mata ciyawar wurin. Ana ba su sa'o'i uku ko huɗu su matso zuwa kimanin mita 200 ba a gan su ba. Akwai inda mutum zai yi ta jan ciki, fuska a ƙasa, yana tura jiki da yatsun ƙafa, ga zafi, ga ƙaya, ga cinnaku, ba damar susa. In ya isa, sai ya nemi 'yar kafa tsakanin ganyaye, ya harba harsashi marar kai. Wani malami mai rediyo da ke yawo a filin sai ya matso kusa da shi, na kan tudu su yi ta juya shi da umarni, suna neman su sa hannunsa ya sauka a kan ɗalibin. In sun kasa, a ɗaga kati mai harafi a ce ya karanta, don a tabbatar yana ganin su da gaske. Sannan ya sake harbi suna kallon wurin, in hucin bindiga ya kaɗa ganye ko ya tayar da ƙura, ya faɗi. Abin da ke tona mutum ƙanƙane ne: ciyawar da ta motsa saɓanin iska, ganyen da ya yanƙwane a kan riga alhali na kewaye ɗanye ne, baƙin tafin takalmi, ƙyallin gilashi.

Akwai kuma horon ido da ƙwaƙwalwa, wanda ya zo kai tsaye daga zamanin Linghem. A ɓoye ƙananan kayan soja goma a cikin fili a ce a nemo su da madubi cikin ƙayyadadden lokaci. A shimfiɗa tarkace a kan bargo, a buɗe na ɗan lokaci a rufe, a sa ɗalibai gudu da wahala na sa'o'i, sannan a ce kowa ya rubuta abin da ya gani, da launinsa da girmansa da halin da yake ciki. A koya musu zana taswirar abin da ke gabansu, da kiran igwa ko jirgi ta rediyo. Maharbi na iya kwana uku a rami ɗaya bai yi harbi ba, ya dawo da labarin da zai ceci bataliya.

Jama'a sun fi jin labarin nisa. A Nuwamban 2009, a Musa Qala ta lardin Helmand a Afganistan, Craig Harrison na sojan Birtaniya ya samu 'yan Taliban biyu masu babbar bindiga daga mita 2,475. A 2017 wani sojan Kanada a Iraƙi ya kai mita 3,540. Amma ko a labarin Harrison, sai da ya yi harbin gwaji kusan tara, abokinsa mai madubi na gyara masa, kafin ya samu. Kuma shi wannan Harrison ɗin ya fito fili daga baya ya faɗi irin ciwon ƙwaƙwalwar da ya dawo da shi gida, da yadda ya kusa hallaka kansa. Wannan ɓangare ne da makarantun suka daɗe ba su ba shi haƙƙinsa ba. Mai igwa ba ya ganin wanda ya kashe. Maharbi kuwa yana iya wuni yana kallon mutum yana cin abinci, yana dariya, yana wanke fuska, sannan a ce masa ya harba.

Ilmin kuma ba ya zaɓar hannun da zai shiga. A kewayen da aka yi wa Sarayebo daga 1992 zuwa 1996, maharba daga tsaunuka da dogayen benaye sun riƙa harbin mata masu ɗibar ruwa, da yara, da fasinjojin taragon cikin gari. Kotun duniya kan laifukan tsohuwar Yugoslabiya ta samu Janar Stanislav Galić da laifi a 2003 saboda wannan ta'asa da luguden igwa a kan farar hula, aka mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai a 2006. Haƙuri ɗaya ne, lissafi ɗaya ne, ido ɗaya ne da wanda aka koyar a Linghem don ceton yaran da ke rami. Shi ya sa nake ganin tantance halin wanda za a koya wa, da koya masa lokacin da zai ɗauke yatsa daga kunama, ba ƙari ba ne a kan horon. Rundunar da ta tsallake wannan mataki makasa take yayewa.

A Fabrairun 2023 rundunar Marin ta sanar da cewa za ta rushe rukunonin maharban ɓoye da ke cikin bataliyoyinta na ƙasa, ta maye gurbinsu da rukunonin 'yan leƙen asiri masu mutum 26, waɗanda aikinsu tattara labari ne. Bindigogin harbin nesa za su ci gaba da zama a hannun zaɓaɓɓun sojoji a kamfanoni, cikakkun maharba kuwa sai a rundunoni na musamman. Ajin ƙarshe na tsohon kwas ɗin ya fita a Disamban 2023. Masu shawarar suna da hujja: jirage marasa matuƙi yanzu suna ganin abin da dā sai an yi kwana biyu ana jan ciki kafin a gani, na'urar gane zafin jiki kuma ba ta damu da rigar tsummoki ba. Tsofaffin maharba da yawa sun yi tir da matakin, ni ma na fi karkata gare su. Bindiga da madubi ana iya sayo su cikin wata guda in buƙata ta taso. Malamin da zai zauna a kan tudu ya gane ɗalibi daga motsin ciyawa ɗaya kuwa shekaru ake yi ana gina shi, kuma sajojin da ke da wannan ido a yau suna ta yin ritaya ko komawa wasu ayyuka.